DABARA TA FI ƘARFI: AIKIN LISSAFI A MASANA'ANTAR ƘARFE

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Tun da na shigo makarantar nan babu darasin da nake jin nauyinsa kamar lissafi. In an buga ƙararrawa, malam ya shigo da alli da dogon ma'auninsa na katako, sai in ji kamar an aza mini buhun gero a ka. Sau da yawa a ɗakin kwana mukan zauna da abokaina muna cewa, "Wai shin wannan x da y, wa ya taɓa ganin an sayi ko barkono da su a kasuwa?" Har na ƙudura cewa da mun shiga aji biyar zan roƙi a cire sunana daga ajin lissafi mai zurfi in huta. Abin da ya sa na fasa shi ne zan ba ku labarinsa, kuma a shagon kawuna ya fara.

RODI BIYU DA SUKA SALWANTA

Kawuna mai walda ne, yana kuma yanka rodi yana lanƙwasa wa magina. A babban hutun da ya wuce nakan je in taya shi 'yan aikace-aikace. Ran nan wani ɗan kwangila ya kawo aiki. Yana son guntaye 20 masu tsawon mita 5, da 20 masu mita 4, da 20 masu mita 3. Rodi kuwa kowane ɗaya mita 12 ne. Kawu ya karɓi kuɗin rodi 20, ya bar wa babban yaron shago takardar, ya tafi ɗaurin aure.

Yaron ya bi takarda daga sama zuwa ƙasa. Ya fara da masu mita 5, kowane rodi ya ba shi biyu ya bar guntun mita 2, rodi 10 suka tafi. Ya koma kan masu mita 4, uku-uku, suka ci rodi 7. Da ya zo kan masu mita 3 sai ya ga rodi 3 kaɗai suka rage, alhali 5 yake bukata. Ya ruga ya karɓo biyu bashi a wurin maƙwabci. Aiki ya ci rodi 22.

Da kawu ya dawo ya ga tulin guntaye a ƙasa, sai ya kira yaron ya ce, "Kai, zo nan. Biyar da huɗu da uku, nawa ke nan?"

Ya ce, "Sha biyu ne, Maigida."

Kawu ya ce, "To, rodin mita nawa ne?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Da ya fitar da guntu ɗaya na kowane awo daga kowane rodi, da 20 ɗin sun isa cif, ba ko ɗan yatsa da zai ragu. Kuɗin rodi biyun nan daga aljihun kawu suka fita, kuma su ne kusan rabin ladan aikin.

Da yamma na ce, "Kawu, ashe kai ma kana lissafi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in awo uku ne kai yana ɗauka. Amma ranar da aka kawo mini awo goma sha biyar, kame-kame nake yi, abin da ya lalace ya lalace."

Da muka komo makaranta na ba malaminmu na lissafi wannan labari. Ya ce mini abin da kawu ya yi da ka, akwai ilmi sukutum da aka gina a kansa, kuma manyan masana'antun ƙarfe na duniya da shi suke tafiya. Ya nuna mini abin da zan karanta. Abin da na fahimta shi ne na kawo muku.

MENE NE WANNAN ILMI?

In an juya sunansa da Hausa sai a ce Binciken Tafiyar da Aiki, ko a taƙaice Binciken Aiki. Manufarsa ɗaya ce. Kana da abin da kake so, kamar riba mai yawa ko asara kaɗan. Kana da hanyoyi da yawa da za ka iya bi. Kana kuma da iyaka: kuɗi, ko lokaci, ko kayan aiki, ko wuta. Sai ka rubuta waɗannan duka da lambobi, ka bar lissafi ya nuna maka hanyar da ta fi, maimakon ka yi ta cinta.

Yaƙi ne ya haifi ilmin. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, wajen 1937 zuwa 1938, Ingila ta sami na'urar hango jiragen sama daga nesa, watau rada. Amma sai aka ga mallakar na'ura daban, sanin yadda za a ci moriyarta daban. Saboda haka aka tura masana kimiyya su zauna tare da sojoji, suna ƙidaya suna aunawa. Shahararre cikinsu shi ne Patrick Blackett, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a 1948. A lokacin, jiragen ruwa masu kai wa Ingila abinci sukan tafi ayari-ayari kamar fatakenmu na da, jiragen yaƙi suna yi musu rakiya saboda jiragen Jamus masu nutso. Mutane da yawa suna ganin ƙaramin ayari ya fi sauƙin tsarewa. Da mutanen Blackett suka bi lissafin tafiye-tafiyen da suka wuce, sai suka ga babban ayari ne ya fi tsira, domin kason jiragen da ake nutsarwa a cikinsa ya fi ƙanƙanta. Aka canja tsari, rayuka da yawa suka kuɓuta.

A can Tarayyar Sobiyat kuwa, wani matashin malamin lissafi a birnin Leningrad mai suna Leonid Kantorovich, masu yin katakon filawud suka tambaye shi yadda za su raba aiki tsakanin injinansu don su sami kaya mafi yawa. Amsar da ya buga a 1939 ita ce tushen abin da zan kira lissafin miƙaƙƙun layuka, kuma ya sami lambar Nobel a 1975. A 1947 wani Ba'amurke, George Dantzig, ya fito da hanyar warware irin wannan lissafi komai girmansa, ana kiranta simfuleks. Da kwamfuta ta zo sai abin ya yi fiffike.

YADDA AKE YIN ƘARFE

Kafin mu ga inda lissafi yake shiga, dole mu leƙa cikin masana'antar. Ana farawa da abu uku: tama, watau dutsen da ƙarfe yake ciki, da kwal wanda aka gasa har ya zama kamar gawayi mai tauri, da dutsen farar ƙasa. Ana zuba su ta saman wata tukunya wadda tsawonta ya kai na bene mai hawa goma, ana hura iska mai zafi ta ƙasa, kamar dai zuga-zugin maƙeri amma na ƙattai. Ƙarfe ya narke ya gangaro da zafin digiri wajen 1,500 a ma'aunin Salsiyos, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Dattin ya haɗu da farar ƙasa ya taso sama, shi ne irin abin da muke kira kashin maƙera. Tukunyar nan in an kunna ta ba a kashewa, dare da rana, shekara da shekaru.

Abin da ya fito ɗanyen ƙarfe ne. Yana da sinadarin kabon wajen kashi 4 cikin 100, shi ya sa yake da gautsi. Sai a kai shi tukunya ta biyu a busa masa tsantsar iskar oksijin ta ƙone yawancin kabon ɗin. An fara wannan dabara a garin Linz na ƙasar Ostiriya a 1952, kuma cikin abin da bai kai awa ɗaya ba takan tace tan ɗari biyu ko fiye. Daga nan sai a tsiyaye ruwan tataccen ƙarfen cikin wani inji da yake daskarar da shi yana fitowa ba yankewa, ana datsa shi sanda-sanda ko allo-allo. A ƙarshe a sake gasa su zuwa digiri wajen 1,200, a tura su tsakanin manyan nadoji masu juyawa, su mulmula su kamar yadda ake murza kwaɓin fulawa da kwalba, har su zama rodi, ko waya, ko falle. Akwai kuma wata hanya, inda ake narkar da tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda 'yan jari-bola suke tarawa, a tukunya mai aiki da lantarki.

A 2023 duniya ta yi tataccen ƙarfe kusan tan miliyan 1,900. Ƙasar Sin ita kaɗai ta yi fiye da rabi, Indiya tana biye da ita. In abu ya kai haka yawa, ko kashi ɗaya cikin ɗari aka rage na asara, dukiya ce mai ɗimbin yawa. Ga shi kuma matakan a sarƙe suke, kowane yana jiran na bayansa, ƙarfe kuwa ba ya jira, da ya huce sai an sake ƙona kuɗi kafin ya yi laushi. Ba banza ba Hausawa suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Saboda haka kowace safiya mai tsara aiki yana fuskantar tambayoyi uku.

TAMBAYA TA FARKO: ME ZA A YI, KUMA NAWA?

Ga misalin da muka yi da malam a allo. Lambobin na ƙage ne, don a gane kawai. A ce wata masana'anta tana da ƙarfe tan 100 a rana, tana iya mai da shi rodi ko falle. A ce kuma ana auna lantarki da mudu kamar hatsi, ita kuwa mudu 240 take samu. Tan ɗaya na rodi yana cin mudu 2, yana kawo ribar naira 30,000. Tan ɗaya na falle yana cin mudu 4, yana kawo naira 50,000.

Wani zai ce, "Ai falle ya fi riba, a yi shi zalla." To, lantarkin tan 60 kaɗai zai iya, riba naira miliyan 3, ga tan 40 a jibge. Wani ya ce, "A'a, a yi rodi zalla." Tan 100 zai fita, riba ita ma miliyan 3, ga lantarki mudu 40 ya tafi a banza. Amma in ka kira rodi x, ka kira falle y, ka zana layin iyakar ƙarfe da layin iyakar lantarki a takardar girafi, za ka ga sun haɗu a wuri ɗaya: rodi tan 80, falle tan 20. A nan ƙarfe ya ƙare cif, lantarki ya ƙare cif, riba kuwa naira miliyan 3 da 400,000. Ba a sayi sabon inji ba, ba a ƙara wa kowa awar aiki ba, an dai canja rabo ne kawai.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A ce wuta ta ragu zuwa mudu 160. Yanzu in an yi falle zalla tan 40 za a samu, riba miliyan 2. In an yi rodi zalla tan 80 za a samu, riba miliyan 2 da 400,000, kuma babu wani gauraye da ya fi wannan. Dalili shi ne kowane mudu na lantarki in an ba rodi yana kawo naira 15,000, in an ba falle 12,500 kawai. Watau ranar da wuta ta yi ƙaranci, kayan da ya fi riba a kan kowane tan shi ne ya kamata a fara ajiyewa. Ido ba zai nuna maka haka ba.

Lissafin yana kuma faɗa maka darajar abin da ya yi maka ƙaranci. A rana mai mudu 240, in ka sami ƙarin mudu 2 za ka yi rodi 79 da falle 21, riba ta ƙaru da naira 20,000. Ke nan mudu ɗaya ya cancanci naira 10,000. In janareta zai ba ka shi a ƙasa da haka, kunna. In ya fi haka tsada, bar shi ya huta.

A takardar girafi amsa mafi kyau kullum tana kan ɗaya daga cikin kusurwoyin filin da layukan suka kewaye. A masana'anta ta gaske kuwa kayan ɗaruruwa ne, iyakoki ma haka, babu takardar da za ta ɗauka. Aikin simfuleks shi ne ya riƙa tafiya daga kusurwa zuwa wadda ta fi ta, har ya isa inda babu sauran ci gaba.

TAMBAYA TA BIYU: WANNE ZAI RIGA WANNE?

Ayyuka 3 ana iya jera su hanya 6. Ayyuka 10 kuwa hanya 3,628,800. In sun kai 20, yawan hanyoyin lamba ce mai gurbi 19, ko kwamfuta ba ta bin su ɗaya-ɗaya. Dole sai da dabara.

A ce akwai ayyuka uku, kowanne sai ya shiga tanderu sa'an nan ya je injin mulmula. Aikin A yana cin awa 6 a tanderu, awa 2 a inji. Aikin B awa 2 da awa 5. Aikin C awa 4 da awa 4. In aka jera su A, C, B, injin zai zauna awa 6 yana hamma kafin A ya iso, ya sake zaman awa 2 yana jiran C, ba za a gama ba sai bayan awa 19. A 1954 wani masani Ba'amurke, Selmer Johnson, ya nuna ƙa'ida mai sauƙi: duba lokaci mafi gajarta a cikin jerin, in a mataki na farko yake sa aikin a gaba, in a na biyu yake sa shi a ƙarshe, ka yi ta maimaitawa. Ƙa'idar ta ba mu B, C, A. Ku gwada da fensir ku gani, awa 14 ne. Awa 5 aka tsira da su.

A masana'anta abin ya fi haka wuya. Injin daskarar da ƙarfe yana son kaskon narkakken ƙarfe ya riƙa isowa a kan kari, wani na bin wani, kuma masu iri ɗaya su biyo juna. In ɗaya ya makara sai a tsai da inji a sake shiri, in ya yi sammako ya tsaya yana hucewa. Nadojin mulmula kuma suna cinyewa a daidai inda gefen ƙarfe yake gogarsu, saboda haka bayan an ɗumama su akan fara da allo mafi faɗi a riƙa saukowa zuwa marasa faɗi, don kada zaizayar ta bar tabo a jikin kaya. Ga kuma mai saye yana jiran kayansa ranar da aka yi masa alkawari. Duk waɗannan sai an haɗa su a jadawali ɗaya.

TAMBAYA TA UKU: YAYA ZA A YANKA?

Wannan ita ce matsalar kawuna, sai dai ta girma. Masana'anta tana fitar da naɗin falle mai faɗi ɗaya, masu saye kuwa kowa da awonsa. Hanyoyin yanka sukan kai miliyoyi. A 1961 wasu masana biyu na kamfanin IBM, Paul Gilmore da Ralph Gomory, suka nuna cewa ba sai an rubuto hanyoyin duka ba. A fara da 'yan kaɗan, sa'an nan a riƙa tambayar lissafi, "Akwai wata sabuwar hanyar yanka da za ta rage asara?" In akwai a ƙara ta, in babu an gama. Masu yanka takarda da gilashi da ƙarfe har yau suna cin gajiyar wannan.

Akwai kuma tambayoyin da ba su da amsa a allo, domin inji yakan lalace ba zato, jirgin kaya yakan makara. Ga irin waɗannan akan gina kwaikwayon masana'antar a cikin kwamfuta, a gwada canji a can kafin a taɓa na gaske. Masana'antar ƙarfe tana cikin waɗanda suka fara wannan. A 1956 kamfanin United Steel na birnin Sheffield a Ingila ya kafa sashen Binciken Aiki a ƙarƙashin Stafford Beer, kuma a can ne Keith Tocher ya shirya manhajar kwaikwayo a 1958 wadda ake lissafa ta cikin na farko-farko a duniya.

ABIN DA YA FARU A JAMSHEDPUR

Kada a ce duk wannan zancen allo ne, ga abin da ya auku a Indiya. An kafa kamfanin Tata Steel a 1907, ya fara fitar da ƙarfe a 1912, a wurin da yanzu ake kira Jamshedpur. A shekarun 1980 kamfanin yana fama da abin da mu ma muka sani sarai, watau ƙarancin wutar lantarki. In wuta ta ragu dole a kashe wasu injina. To, wanne za a kashe, wanne za a bari? Kowane shugaban sashe yana ganin nasa ne ya fi muhimmanci.

Tsakanin 1983 da 1986 wasu ma'aikatan kamfanin suka rubuta masana'antar gaba ɗaya da lissafi: abin da kowane inji zai iya, da abin da yake ci na wuta da oksijin, da asarar da ake yi a kowane mataki, da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, da ribar kowane kaya. In wuta ta ragu sai a tambayi kwamfuta yadda za a raba ɗan abin da ya rage. Bisa ga rahoton waɗanda suka yi aikin, rabon wuta kaɗai ya jawo wa kamfanin amfanin dala miliyan 73 a shekarar farko, 1986 zuwa 1987. An kuma yi amfani da lissafin wajen rabon oksijin da narkakken ƙarfe, da sanin farashin da ya dace a sayi tsofaffin ƙarafa. A 1994 aikin ya ci lambar Franz Edelman, wadda ake ba aikin da ya fi fice a wannan fanni.

Amma a ganina babban abin da ya canja shi ne tunanin shugabanni. Da can abin alfahari shi ne yawan tan da aka fitar. Lissafi ya nuna musu cewa yawan tan daban, yawan amfani daban, sai suka koma auna kansu da riba. Mu ma a nan mun san ɗalibin da yake kwana a aji da fitila yana ƙirga awoyin da ya yi, amma bai taɓa tambayar kansa wane darasi ne ya fi bukatar awoyin ba.

INDA LISSAFI YA TSAYA

Malam ya ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, lissafi ba ya gyara ƙarya. In ma'ajin sito ya rubuta akwai tan 100 alhali 70 ne, kwamfuta za ta ba ka kyakkyawar amsa a kan kayan da babu su. Saboda haka gaskiyar ma'aikaci mai riƙe da littafi ita ce harsashin ginin. Na biyu, lissafi abin da ka ce ya nema shi zai nema. In ba ka gaya masa cewa leburan bakin tukunya yana bukatar hutu ba, ko cewa hayaƙi yana cutar da mutanen gari ba, ba zai sa su a ciki ba. Mutum ne mai zaɓen abin da ya fi daraja, lissafi ɗan aike ne.

MU FA A NAN GIDA?

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan magana ba ce. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin masana'antar Ajaokuta a bakin kogin Kwara, da taimakon Tarayyar Sobiyat, don ta riƙa narka tamar Itakpe. A 1982 aka buɗe ta Aladja kusa da Warri, aka kuma gina na mulmula ƙarafa a Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda aka shirya za su riƙa samun sandunan ƙarfe daga Aladja. Daga can zuwa Katsina tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Hanyar jirgin ƙasa daga Itakpe zuwa Warri, wadda aka fara a 1987, sai a 2020 aka buɗe ta. Babbar tukunyar Ajaokuta kuwa ta shafe fiye da shekara 40 ba ta narka tama ba.

Darasin da na ɗauka shi ne aikin ƙarfe sarƙa ne: tama, da kwal, da wuta, da hanya, da inji, da kasuwa. In zobe ɗaya ya tsinke sauran ba su da amfani, komai kyansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sayen inji kuɗi ne kawai, amma mutanen da za su zauna su auna sarƙar daga farko zuwa ƙarshe sai an rene su, kuma a aji irin namu ake fara renon.

Don haka ina roƙon iyayenmu, in yaro ya zo hutu yana kukan lissafi ya yi masa wuya, kada ku ce masa ya bari ya kama mai sauƙi. Ku kai shi wurin tela ya ga yadda ake fitar da riguna daga turmin yadi, ko wurin kafinta, ko wurin direban da yake tsara garuruwan da zai sauke kaya. Ku kuma 'yan'uwana, musamman ƙannenmu na aji uku masu shirin zaɓen darussa, kada ku yi irin wautar da na so in yi.

Ni dai sunana yana nan a ajin lissafi mai zurfi. A hutun tsakiyar zango na zauna na rubuta wa kawu dukan hanyoyin da rodi mai mita 12 zai yanku a kan awo shida da aka fi kawo masa, da ragowar da kowace hanya take bari. Ya daɗe yana duba takardar, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ashe bokon naku yana cin ƙarfe." Ya sa ƙusa ya kafe ta a jikin bango, daidai inda yaron shago yake tsayawa in zai yi yanka.